Daraktan da Ba Ya Cewa a Tsaya

Can sama a wani dogon bene na unguwar Minguettes, a Vénissieux kusa da birnin Lyon na Faransa, ƙofar kawuna tana kallon ƙofar wani Bature ɗan Romaniya. A tsakiyar shekarun 1980 ne, ina zaune wajen Kawu ina karatun kimiyyar rini a jami'a, ranakun Asabar kuma ina taya shi tsaron shagonsa na yadi a unguwar Guillotière. Na daɗe ina zaton maƙwabcin namu mai gyaran agogo ne, ko malamin makarantar da aka sallama. Dogo ne, ƙasusuwa duk a waje, kullum cikin kwat ɗaya mai launin toka. Idan ka gaishe shi a matakala sai ya amsa, sannan ya tsaya yana kallonka, kai ka ce akwai sauran magana a bakinka. Wannan tsayuwa tasa ta sha ba ni haushi. Na taɓa ce wa Kawu mutumin nan ko dai ɗan leƙen asiri ne, ko kuma akwai motsi a kansa.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka raina abin magana. Wanga da kake gani mai shirya fim ne babba a ƙasarsu. Gudowa ya yi."

Ban yarda ba sai ranar wata Sallah, da matar Kawu ta aike ni in kai masa nama da masa. Na tarar da ɗakinsa babu komai sai katifa, tebur, da tulin gwangwanayen fim a jikin bango. Ya zaunar da ni, ya cinye abincin tas a gabana ba tare da wata kunya ba, ya dafa mana kofi mai ɗaci. Daga ranar na zama ɗan ɗakin. Faransancinsa mai nauyi ne, nawa ma ba na Paris ba ne, don haka babu mai yi wa wani dariya.

A hankali ya ba ni tarihinsa. A Bukarest, babban birnin ƙasarsu, ya yi karatun fim, kuma tun yana matashi aka ce zai yi nisa. Sai dai a ƙasarsu a lokacin, kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya, sai ka kai labarin gaba ɗaya ga jami'an gwamnati sun duba. Duk kalmar da wani zai furta a fim sai sun sa mata hannu. Da ya ga maganar ba tasa ba ce, sai ya nemi inda ba su kai ba. Ya koyi barin kamara tana tafiya bayan 'yan wasa sun gama faɗin abin da aka rubuta musu. Ba ya cewa a tsaya.

Ya kwatanta mini wani wuri a fim ɗinsa na farko. Shugaban wata masana'anta ya yi jawabi, ma'aikata suka yi tafi kamar yadda aka tsara. Sai kamara ta ci gaba. Hannuwa suka sauka ɗaya bayan ɗaya, wata mata ta leƙa cikin jakar cefanenta, wani tsoho ya shafa gwiwarsa, wani ya yi hamma ya ɓoye ta a kafaɗar na gabansa. Jami'an suka kalla, suka sake kalla, suka rasa kalmar da za su cire, tunda babu wanda ya ce uffan. Sai suka kulle fim ɗin gaba ɗaya a cikin kabad. Na biyu ma haka aka yi masa. Bayan nan suka tura shi ɗaukar fina-finan koya wa manoma kiwon kaji, kuma ya ce ko a nan sai da aka ja masa kunne, don ya bar kamara a kan fuskar manomin bayan malamin gona ya tafi.

A ƙarshen shekarun 1970 aka gayyace shi wani taron fina-finai a Faransa, ya zo da jaka ɗaya, bai koma ba. Ya yi shekaru a Paris yana jan waya da ɗaukar fitilu ga daraktocin da a haife ya haife su. Daga baya ya dawo Lyon yana koya wa matasan unguwarmu riƙe kamara a wata cibiyar matasa. Bai taɓa yi mini kukan wannan faɗuwa ba. Amma lokacin da wani ƙaramin kamfani a Paris ya yarda ya ba shi damar yin fim nasa na kansa, na farko tun barinsa gida, na ga mutum mai furfura yana hawa matakala da gudu. Fim ɗin ba na wasa ba ne, na mutanen gaske ne: yadda baƙin Lyon suke sallama da nasu a tashar jirgin ƙasa.

A daidai wannan lokacin Hajiya ta iso daga Maraɗi.

Hajiya uwata ce, yayar Kawu, kuma ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a gidan da ake riƙe da alkunya ya san abin da wannan yake nufi. Ba ta taɓa kama sunana ba. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Idan Hajiya tana son in yi wani abu, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko ta faɗa wa iska. Ƙannena kuwa tana kiransu da sunayensu tun daga soro, ta zage su, ta ja kunnensu, ta raba musu tsarabar tafiya da hannunta. Tawa tsarabar a ɗakin kaka nake tarar da ita, babu bayanin wanda ya kawo.

Kada wani ya ɗauka mace ce mai sanyi. 'Yar kasuwa ce da ta san hanyar Lome da Kano da Jidda, kuma takan zo Lyon sayen kallabi da gyalen siliki. Bakinta ba ya mutuwa. Direban bas, ɗan kwastan, mai sayar da kaza, babu wanda ba ta tsokana, da Hausarta, ko ya ji ko bai ji ba. Ni kaɗai ne a duk faɗin duniya idan na shigo ɗaki take gyara gyale ta kawar da kai.

Abin dariyar shi ne, a Lyon ni ne tafintanta. Sai mu shiga wajen dillalan siliki, ta ɗaga kallabi a haske, ta murza shi, ta kalli bango ta ce, "A hwaɗa mishi wanga rini ba ya kai Sallah biyu." Ni da nake karanta rini a jami'a na san gaskiyarta, sai in juya wa Baturen da Faransanci. Ya ba da amsa, in juya da Hausa, ni ma ina kallon wani bangon. Wani dillali ya taɓa tambayata ko madam ce ta ɗauke ni aiki. Na ce masa uwata ce. Ya dube ni, ya dube ta, ya ci gaba da naɗe yadinsa.

Na sha kare wannan al'ada a gaban abokaina Faransawa. Nakan ce musu ku da kuke sumbatar juna safe da yamma kuna kai iyayenku gidan tsofaffi, ba ku ne za ku koya mana soyayya ba. Ina faɗa da zafi, ina kuma cin gardamar. Amma idan na koma ɗaki, tambayar da na hana su yi ita ce take zaune a raina. Na san al'ada ce ta hana Hajiya nuna mini so. Abin da ban sani ba shi ne ko akwai abin da ake ɓoyewar. Na girma, na yi gemu, na ƙetare teku, ban samu amsa ba, kuma abin yana ci mini rai.

Haɗuwarta da daraktan a bakin ƙofa aka yi. Ya gaishe ta da 'yar Hausar da ya tsinta a gidanmu, ta amsa, sai ya tsaya yana kallonta kamar yadda ya saba. Ita ma ta tsaya. Ban taɓa ganin wanda ya biye masa ba sai ita. Suka yi ta kallon juna har matar Kawu ta leƙo ta ga ko lafiya. Can Hajiya ta ce wa ƙofar gidan, "Mi shika jira?"

Na tambaye shi. Ya ce, "Abin da zai biyo baya."

Na juya mata. Ta ce, "To a hwaɗa mishi tuwo ne zai biyo baya. Shi shigo, na ga alamar yunwa ta daɗe da saninshi."

Kafin a kwashe kwanuka ya roƙe ta ta shiga fim ɗinsa. Kawu ya fara kawo uzuri, wai me mutanen gida za su ce, Hajiya guda a sinima. Ta katse shi. Ta ce ita ba rawa za ta yi ba, ba waƙa ba, kasuwancinta za ta yi, wanda yake son kallo ya kalla. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a ɗauke ta tana cin abinci ko tana salla.

Ya bi ta makonni, shi da kamara a kafaɗa, da wani Bafaranshe mai ɗaukar sauti. Ya bi ta shagon Kawu, ya bi ta wajen dillalai, ya bi ta cikin bas inda ta sa wani saurayi ya tashi ya ba wata tsohuwa Balarabiya wuri, da ido kawai. Nan da nan ta gano halinsa. Idan ta gama ciniki ta tafa hannu ta ce an gama, sai ta ga idonsa na nan manne da kamara. Ta yi masa daƙuwa, ta rufe fuska da gyale, ta buɗe, yana nan. Har ta laƙaba masa suna, Ba-a-gama-ba, kuma da shi yaran gidan Kawu suka ci gaba da kiransa. Da na fassara masa ma'anar, ya ce a duk shekarun aikinsa babu mai sharhin fim da ya fahimce shi kamar haka.

Ni kuwa ranar tafiyarta nake tsoro. Na same shi na yi masa bayanin alkunyar ɗan fari dalla-dalla. Na ce masa kada ya sa ran runguma ko hawaye, ko kallona ba za ta yi ba, gara ya nemi wani gidan don wannan ɓangaren. Ya saurare ni har na gama, ya ƙara jira kaɗan kamar kullum, sannan ya ce, "To sai mu ɗauki hakan."

Da hantsi muka kai ta tashar Perrache. Jirgin Paris ne, irin sabon nan mai gudu wanda tagoginsa ba sa buɗewa, daga can kuma za ta hau jirgin sama zuwa Yamai. Na ɗora mata akwatuna da ƙullin kaya, na sauko na tsaya a gefe. Ta yi sallama da Kawu, ta yi masa faɗan hawan jini da cin gishiri. Ta rungume matarsa, ta shafa kan yaran ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka. Ta ce wa mai ɗaukar sauti ya yi aure. Ta juya ga kamara ta ce, "Ba-a-gama-ba, Allah shi maida ka gida lahiya." Har wani ma'aikacin tasha da ya taya mu ɗaga kaya ya samu rabonsa na godiya. Sannan ta tattara zaninta ta wuce ta gabana, kusa har na ji ƙamshin turarenta, ta hau jirgi.

Na saba da wannan tun ina yaro, kuma da mu kaɗai ne da ban ji komai ba. Amma na ɗaga kai na ga mai ɗaukar sauti yana yi mini kallon tausayi, irin wanda ake yi wa maraya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙofofin jirgi na rufewa na juya, ban jira ya tashi ba. Na bi gefen jirgin kaina a ƙasa, na nufi hanyar fita, na bar su a wurin.

Bayan wasu watanni daraktan ya koma Paris don yanka fim ɗin da haɗa shi, ya kira ni in zo in fassara maganganun Hausa da za a rubuta a ƙasan hoto. A wani ɗaki mara taga muka yi aikin, a bayan wani gidan burodi, a gaban wata na'ura mai ɗan ƙaramin gilashi. Inda ake magana kawai yake nuna mini. Da muka zo kan sallamar, na fassara faɗan gishiri, na fassara albarkar yara, na ga Hajiya ta wuce ni ta hau jirgi, sai ya kashe na'urar ya ce sauran babu magana a ciki.

A nan matar da kamfaninta ya ɗauki nauyin fim ɗin ta same mu. Mace ce mai kirki da son aikinta, ba na ɗora mata laifi. Ta ce masu kallo za su ƙaunaci Hajiya tun daga farko, sannan a ƙarshe su ga ta wuce ɗanta kamar ba ta san shi ba, za su fita suna cewa muguwar uwa ce. Ta ce ita ta ga abin da ya biyo baya, amma ya yi tsawo, babu sauti, mutane za su gaji kafin su kai. Mafita biyu ta kawo: ko a sa muryar wani masani ya bayyana al'adar, ko a yanke wurin. Daraktan ya ce ba zai yi ko ɗaya ba. Ta tuna masa, cikin ladabi, cewa ya yi shekaru babu wanda ya ba shi kamara, kuma ba lalle wani ya sake ba shi ba. Ya ce ya sani.

Ni kuma sai na goyi bayanta, har na fi ta zafi. Ba na son wani masani ya yi bayanin uwata kamar ana bayanin wata dabbar daji, ba na kuma son ɗakin sinima cike da mutane su yi mini kallon da mai ɗaukar sauti ya yi mini. Na ce a yanke. Da ya ƙi, na ɗaga murya na ce masa uwata ce, ba tasa ba, kuma ba don ya gyara sunansa muka ba shi tuwo ba. Maganar ta yi nauyi, amma a lokacin haka nake ji.

Bai yi fushi ba. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya ce in zo mu sha iska. Muka zauna a kan wani benci a bakin ruwa, rana tana ɗan dukanmu, ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba.

Ya ce safiyar da zai bar Bukarest bai gaya wa kowa cewa ba zai dawo ba, har uwarsa, don wanda ya sani shi ma mai laifi ne. Amma ta ga ya sa hoton mahaifinsa a cikin jaka, ta gane. Bangon gidansu siriri ne, maƙwabcinsu kuma an san yana kai rahoto. Saboda haka a bakin ƙofa ba ta rungume shi ba. Ta ɗaga murya ta yi masa faɗan takalminsa da bai goge ba, ta ce idan zai dawo ya taho mata da kofi mai kyau, ta rufe ƙofa tun bai kai matakala ba. Tun daga ranar sai dai waya, ita ma ana saurare, sai su yi ta hirar sanyi da ciwon baya.

Ya ce, "Ban san abin da ta yi a bayan ƙofar nan ba. Babu kamara a wurin."

Sai ya ce ba zai nuna mini sauran a ƙaramin gilashi ba. Za a yi nunin gwaji a wata ƙaramar sinima, in zo in gani a babban allo. Idan na gani na ce a yanke, zai yanke da hannunsa, ko da fim ɗin zai lalace. Mutumin da ya bar ƙasarsa don kada a taɓa masa aiki, shi ne ya miƙa mini almakashi. Na amsa, amma da niyyar in ce a yanke na tafi.

Da rana aka yi nunin, mu kaɗan ne a ɗakin: matar kamfanin, wasu abokan aikinta, wasu tsofaffin 'yan Romaniya da suka zo don shi. Fim ɗin ya bi gidaje da dama, 'yan Fotugal, Larabawa, wani tsoho Baturke da jikarsa. Amma duk lokacin da Hajiya ta fito sai ɗakin ya motsa. Suka yi dariya da ta murza kallabi, suka yi dariya da ta yi wa kamara daƙuwa. Na zauna ina jin kaina yana kumbura. Uwata ce wannan, ta cika allo, ta sa Turawan Paris suna jiran abin da za ta ce.

Sai aka zo tasha. Ta sallami kowa, ta wuce ni, ta hau. Na ga kaina a allo na juya, na fara tafiya kaina a ƙasa, kafaɗuna a ɗage irin na mai fushi. A nan na san labarin ya ƙare. Kamara ba ta tsaya ba.

Ta bi bayana a hankali, jirgin yana gefe. A tagar farko sai ga Hajiya. Ba ta zauna a kujerarta ba. Tana tsaye, ta dafa gilashi, tana kallona. Da na wuce tagar, ta matsa ta gaba. Na wuce wannan, ta sake matsawa. Akwai mutane a zaune, tana ratsa su, tana tsallake ƙafafun wani Bature mai karanta jarida, ta ture jakar wata mata, gyalenta ya zame bai dame ta ba. Taga bayan taga tana bina, ni kuwa ina tafe kamar jaki, ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Har ta kai tagar ƙarshe ta taragon, babu sauran wurin zuwa. Kamara ta bar ni ta matsa kusa da gilashin. Fuskarta ta cika allo, idonta na kan inda na bi. Babu hawaye. Bakinta ya motsa, ya sake motsawa.

Sauran mutanen ɗakin sun ga tsohuwa tana magana ita kaɗai, wataƙila addu'a. Ni kaɗai na san abin da leɓɓan nan suka faɗa, don sunana ne. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba, kuma kukan daɗi ne.

Da aka kunna fitilu daraktan ya zo ya tsaya a kaina, bai tambaye ni komai ba, yana jira. Na ce masa idan ya taɓa wurin nan ni da shi ne. Matar kamfanin tana share ido ta ce a manta da maganar masani.

Haka fim ɗin ya fita, ba a rage komai ba. Ba zan ce ya girgiza duniya ba. An nuna shi a ƙananan sinimomi a Paris da Lyon, daga baya aka sa shi a talabijin, kuma ya isa ya sa aka sake ba shi aiki, aka kuma sake. Ya bar benenmu ya koma Paris, ya sayi sabuwar kwat, ita ma mai launin toka. Da gwamnatin ƙasarsu ta faɗi a ƙarshen shekarun nan, yana cikin waɗanda suka fara komawa, ya tarar da uwarsa da rai. Aka fito da fina-finansa daga kabad, matasa suka yi layi don kallonsu. Har yau idan aka yi zancen manyan masu fim a gabana, nakan ce ni na yi maƙwabtaka da ɗaya, kuma na san dalilin da ya sa ya zama babba.

Amma tun kafin wannan, a hutun da ya biyo bayan nunin, na je Maraɗi. Duk hanya ina tunanin yadda zan rufa wa Hajiya asiri. Macen da ta riƙe alkunya tun haihuwata, idan ta ji cewa an nuna wa duniya tana bin ɗan fari taga-taga tana kiran sunansa, ai ba za ta iya haɗa ido da kowa ba. Na yanke shawarar ba za ta ji daga bakina ba.

Washegarin isowata da safe na shiga gaishe ta. Tana zaune a tsakar gida tana ware kallabai, ƙanwata tana taya ta. Na durƙusa daga nesa na yi gaisuwa, ta amsa wa tabarma. Can ta ce wa ƙanwata, "A tambaya, Baturen nan ya gama aikin nashi?"

Na kalli ƙanwata na ce ya gama, kuma mutane sun yaba ƙwarai.

"Har da wurin tasha?"

Na ce har da shi, amma daga inda ta hau jirgi aka tsaya, babu komai bayan nan.

Hajiya ta ninke kallabin da ke hannunta, ta ɗora a kan sauran, ta danne shi da tafin hannu. Ba ta kalle ni ba. Ta ce wa ƙanwata, "A hwaɗa ma wancan shi bar ƙarya, ba ta kamace shi ba. Mutumin da ya yi makonni shina bina, ni ce ban san halinshi ba? Ina ganinshi ta gilashi. Da na san ya tsaida abin, da zamana na yi."